Ranar da Bamalli Ya Koma Filin Ƙwallo

Kafin yaƙin basasa, lokacin ana kiran garin nan Abuja ba Suleja ba, duk mai zuwa kallon ƙwallo ya san Bamalli na unguwar Magajiya. Siriri ne, gefen hagu yake bugawa, in ya zura da gudu sai dai a bi shi da ido. Mai tsaron gidansu kuwa Yohanna ne, Bagware daga wani ƙauye bayan Madalla, ƙato mai surutu, wanda tun daga raga yake yi wa 'yan wasansa faɗa.

Tare suka shiga soja, aka tura su gabas a bataliya ɗaya. Da manya suka ga gudun Bamalli sai suka mai da shi ɗan aike. In rediyon oba-oba ta mutu, shi ake ba takarda ya ratsa daji ya kai. Shekara biyu yana wannan aiki, har ya sami igiya biyu. Wata safiya a bakin wani rafi, harsashin igwa ya faɗo kusa da ramin da Yohanna yake. Bamalli ya goya shi ya yi tafiyar mil uku zuwa wurin likitoci. Sai da ya sauke shi ya lura shi ma wani ƙarfe ya shige masa gwiwa. Yohanna ya rayu, amma ya rasa idanunsa biyu.

Da aka sallame su, Bamalli ya kafa rumfar gyaran keke a ƙofar gidansu. Bai ƙara taka filin ƙwallo ba. In taro ya yi ihu gaba ɗaya, jikinsa rawa yake ɗauka, don haka ranar wasa yakan rufe rumfa ya shige ɗaki. Yohanna ma sau biyu kawai Bamalli ya ziyarce shi, don bai san abin da zai ce masa ba.

A daminar 1973, Laraba matar Yohanna ta kawo doya kasuwa, ta biyo ta rumfar.

"Sannu da aiki, Kofur."

"A'a, Laraba! Yaya maigidan?"

"Yana nan. Yana cin abinci, amma magana sai an yi da gaske. Shekaranjiya ya ji ana cewa 'yan Minna za su zo wasa ran Asabar, na ga ya juyo da kunne. Ni ban san ƙwallo ba, Kofur. In na kai shi, me zan gaya masa?"

Bamalli ya daɗe yana juya sifana a hannu. Can ya ce, "Ki ce masa ya shirya."

Ran Asabar da hantsi ya je ƙauyen ya ɗauko shi a bayan keke. Yohanna ya dafa kafaɗunsa ya ce, "Har yanzu ba ka yi nama ba." 

A filin firamare mutane suka gane su, aka yi ta gaisuwa, aka ajiye musu benci a bayan raga kamar yadda Yohanna ya nema. Alƙalin wasa ya busa usur. Bamalli ya fara bayani a taƙaice.

"An buga. An tare."

"Wa ya buga? Da wace ƙafa?" in ji Yohanna. "Haba Kofur, haka kake kai saƙo a daji?"

Bamalli ya yi dariya, ya gyara zama. Ya shiga faɗa masa wanda ya riƙe ƙwallo, da wanda ya tsaya yana kallo, da yadda ɗan gaban Minna yake jingina da ɗan bayan 'yan gida kafin ya juya.

Ana dab da hutun rabin lokaci 'yan gida suka ci. Filin ya ɗauki ihu. Bamalli ya sunkuya ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Yohanna ya ji bencin na rawa. Ya laluba ya kama wuyan hannunsa, ya kai baki kusa da kunnensa.

"Filin firamare ne, Bamalli. Ƙwallo ce ta shiga raga. Ga ƙanshin gasasshiyar masara nan, ka ji shi?"

Bai sake shi ba sai da ihun ya lafa, numfashinsa ya daidaita. Sannan ya ce, "To, wa ya ci?"

"Ban gani ba."

"Mun zama biyu. Tambayi na kusa da kai."

Bayan hutu 'yan Minna suka matso. Da Bamalli ya ce an ɗago ƙwallo daga kwana, sai Yohanna ya miƙe ya daka wa golan gida tsawa: "Fito ka kama ta, me kake jira?" Golan bai fito ba, aka ci shi. Aka ƙara masa wata kafin a tashi.

A hanyar komawa, suna hawan tudu kafin Madalla, gwiwar Bamalli ta ƙi. Ya tsaya yana haki. Yohanna ya sauka ya laluba sirdi.

"Zauna ka riƙe kan keken. Ni zan tura."

Haka suka haye tudun, Yohanna na turawa yana ta mitar golan, wai ko kaza ba zai iya kamawa ba. Suna isa gida Laraba ta kawo musu ruwa. Yohanna ya sha, ya tambayi yaushe ne wasa na gaba.

"Mako biyu. Amma a Bida za a yi."

"Bida ba ta keke ba ce," in ji Yohanna. "Laraba, ki wanke mini farar rigar nan. Mota za mu hau."