Jif ɗin Yaya

Yaya ya danna giyar ƙarfi, tsohuwar jif ɗinsa ta yi gurnani ta faɗa cikin lakar rafi da gudu. Haka ake bi da ita, in ka ɗaga ƙafa ka kafe. Ta yi tsalle, ta dira, ta sake tsalle, ta fita ɗaya gefen tana tsiyayar ruwa. Ya leƙa madubi don ya ga inda ƙaninsa Auta zai maƙale da sabuwar tasa. Kujerar baya kuwa, inda Inna ke kwance da ƙugun da ta buga a banɗaki da safe, ko waiwaya bai yi ba.

Musun nan ya daɗe a tsakaninsu. Yaya kan ce ta Auta ba mota ba ce, falo ne aka sa wa tayoyi, ga sanyi, ga kujera mai kwanciya, in ta ga hanyar gona sai ta hau ƙyafta fitilu tana kuka. Tasa kuwa ƙarfe ce zalla, guduma da sifana sun ishe ta gyara. Auta ba ya tanka masa, murmushi kawai yake yi, abin da ya fi ƙona wa Yaya rai ke nan.

Da za a fito da Inna daga gidan gona, Auta ya riga ya kwantar da kujerarsa, ya ce tasa ta fi laushi. Yaya ya tambaye shi ko laushi ne zai ƙetare rafi. A gaban matansu ya faɗa, kuma da ƙarfi. Inna ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce a sa ta a ta babban.

Shi ya fara isa asibiti, yana ta hura hanci. Ya buɗe ƙofar baya. Inna ta zame rabi a ƙasa, zufa ta jiƙa ta sharkaf, ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije har leɓenta ya fashe. Duk tsallen da ya yi ta murna da shi, a ƙashinta ya sauka, kuma ko tari ba ta yi ba.

Ana ɗora ta kan gadon turawa sai ga Auta ya shigo a hankali. Motarsa laka har gilashi. Ashe ita ma ta ƙetare, ba tsalle ba hayaniya.

Likita ta duba hoton ƙashin, ta ɓata fuska. Ta ce tsagewa ce da farko, amma yanzu ƙashin ya goce, jijjiga ta yi masa yawa. Ta tambaya da me aka kawo ta.

"Hanyar ce ba kyau, 'yata," Inna ta ce, idonta a rufe. "Yaron nan ya yi ƙoƙari."

Yaya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zaginsa ta yi, wallahi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta hana shi kallon kowa, ya tsaya yana murza makulli a tafin hannu.

Likita ta ce sai an wuce da ita babban asibiti don a yi aiki, motar asibitin kuma ta fita. Hanyar can ma duk ramuka ce.

Yaya ya tarar da Auta a waje yana goge gilashi. Ya matsa kusa da shi.

"Auta, kwantar da kujerar taka."

Auta bai yi murmushi ba. Ya buɗe ƙofa, ya ce, "Tun safe ban tayar da ita ba, Yaya."