Waken da Ya Sauke Sallau daga Jirgi

A wancan lokaci ƙasar Nijar ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo, amma duk Illelar Nijar ba wanda ya kai Sallau zancen jirgin ƙasa. Manomi ne fa, gero da dawa, ya ba hamsin baya, bai taɓa wuce Konni ba. Hoton jirgi ya gani a littafin lakwal, wato makarantar boko, na 'ya'yan maƙwabta, shi ke nan abu ya shige masa rai. Ranar kasuwa in ya samu direban da ya taɓa zuwa kudu, sai ya tsare shi da tambaya har furar bawan Allah ta tsinke. Abin da ya fi damunsa guda ne: ƙarfen nan da aka shimfiɗa, a ina yake ƙarewa? An ce masa akwai wani gari Ƙauran Namoda, can ne dogo ya tsaya cak. Sallau ya rantse sai ya sa ƙafarsa a wurin kafin ya mutu.

Matarsa Tsahara ita ma da nata a zuci, sai dai ita ba ta faɗa. Ran da aka kawo ta daga Alela, uwarta ta haɗo ta da wani irin wake a cikin gora, mai baƙin kwanso, ƙwayar ja da ɗigo-ɗigo. Daga kakarta ya zo. Kowace damina tana shuka shi a gayaunarta, 'yar gonar da ke tata ita kaɗai, ta ware na iri ta cuɗa da toka ta toshe bakin gorar da laka. Shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, da rumbu ya koma wayam, wata rana da azahar ta kawo wa gida dafaffen wake. Bayan kwana biyu ta ce wai ƙwari sun cinye mata iri. Sallau da ya ci waken ya san ɗanɗanonsa sarai, amma bai ce uffan ba. Tun daga nan ta zaga Alela da ƙauyukan Konni tana cigiya, kowa ya ce nasa ma tukunya ta tafi da shi. 'Yarsu Mariyama ta yi aure ba gorar iri a cikin kayanta, kuma abin yana cin Tsahara ƙwarai.

Kakar tamanin da shida Allah ya ba da albarka, sai ƙanen Sallau, Iliyasu, mai sayar da fata a Gusau, ya aiko su zo su ga gidansa. Suka bi ta Konni, suka tsallaka iyaka, suka kwana Sakkwato, suka isa. Kwana uku Sallau ya daure yana gaishe-gaishen dangi. A na huɗu ya kasa.

Iliyasu ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai na san ba don ni ka zo ba. Gobe akwai jirgin safe, ku tai Ƙaura ku gani, ku komo da na la'asar. Amma ka ji ni da kyau, wanga ba motar Konni ba ce. Ba ya jiran kowa."

"Yo wa za shi sa shi jira?" in ji Sallau. "Ni da ko sauka ba ni yi sai ƙarshe."

Da safe ya sa babbar rigarsa ta sallah, Tsahara ta ƙulle musu ƙunshin dambu da gorar fura. Da jirgin ya shigo tasha ƙasa na rawa, Sallau ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Tabarakallah!" Littafin lakwal ashe ƙarya ya yi masa. Ƙafa ɗaya ta kan jirgin ta kai masa ƙirji, tarago kuwa ya ƙirga har goma sha ɗaya ya rikice ya sake daga farko.

A ciki aka nuna musu benci guda su biyu. Nan fa aka yi ta! Shekara talatin suna tare, ba su taɓa zama kafaɗa da kafaɗa a gaban mutane ba. Tsahara ta maƙale jikin taga tana jan mayafi, shi kuma ya ɗosana a bakin benci yana kallon rufi kamar bai san ta ba. Jirgi ya yi kuka, ya fizga, sai ga Sallau ya faɗo mata a kafaɗa. Wata mai goro da ke fuskantarsu ta tuntsure da dariya ta ce, "Baba, zauna da kyau, ai taka ce, ba wanda zai kai ka ƙara."

Kafin a yi nisa duk kunya ta gudu, don abin kallo ya fi ƙarfinta. Gonakin auduga sun yi fari fat har iyakar gani. Dawa ta sunkuyar da kai saboda nauyi, ga itatuwan ɗorawa da kaɗanya ba wanda ya sassare su. Sallau yana nunawa da yatsa yana cewa, "Ke dubi ƙasa! Wagga ko tsakuwa ka shuka sai ta tsiro." Suka hau wata gada, ƙarar ƙarfe ta canza, ruwa na walƙiya can ƙasa, mata na wanki sun ɗago suna ɗaga hannu. Tsahara da ta rufe ido don tsoro ta buɗe, ta ɗaga musu nata hannun tana dariya. Rabon Sallau da ya ji wannan dariya tun kafin fari, sai ya ji daɗin ya kai masa har wuya.

Abin da ya fi burge shi shi ne natsuwar jirgin. Ba tangal-tangal, ba jandarma a tsayar da ku, ba a ce maza su sauka su tura. Ya ɗora gorar fura a kan benci don gwaji, ko ɗigo bai zube ba. Ya ce wa mai goro, "Wanda duk ya shimfiɗa ƙarfen ga, Allah shi yi mishi albarka, ya san aikinai."

Da hantsi jirgi ya rage gudu ya tsaya a wata 'yar tasha, ɗaki ɗaya da bishiyar mangwaro, bayanta gidaje ba su fi goma ba. Masu talla suka yo ca a tagogi. Tsahara ba su take kallo ba. Can ƙofar wani gida, kamar taku hamsin daga dogo, wata tsohuwa na zaune kan tabarma tana ɓarar wake, kuma kwanson baƙi ne wuluk.

Ta kama hannun rigarsa. "Malam, dubi can. Shi ne. Wallahi shi ne."

Kafin ya buɗe baki ta tsallake ƙafafun mai goro ta sauka. Mai goro ta ce, "Af! Nan fa minti biyar yake yi." Sallau ya leƙa ta taga yana cewa a ransa, to, ta karɓo ta dawo, ai ba nisa. Sai ya ga ta isa, ta cire takalma, ta durƙusa. Nan ya gane akwai aiki, don ya san matarsa. Tsahara ba za ta taɓa roƙon iri a wurin babbar mace ba sai ta gaishe ta yadda ya kamata: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, ina ƙarshen damina, kowace da amsarta. Tsohuwar ma ga alama 'yar gidan mutunci ce, don tana gama amsawa ta juya ta fara nata daga farko. Sannan, jama'a, ta tashi a hankali ta shiga gida ɗebo wa baƙuwa ruwa!

Sallau ya diro ya nufi kan jirgi yana tattare riga. A tashar Konni in mace ta tsaya sayen abu, direba kake yi wa magana, ya yi tsaki ya jira. Bai kai rabin taragun ba wani ma'aikaci mai koriyar tuta ya tare shi.

"Baba, ina zuwa?"

"Wurin direba. Iyalina na can tana gaisuwa, a ɗan dakata mata."

Mai tuta ya dube shi, bai yi masa dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Baba, da ina da iko da na yi maka. Akwai lokacin da aka rubuta, shi ma direban ba shi da ta cewa. Ka kira ta da sauri."

Ya kira ta? Ya tsaya a tasha ya ƙwala wa matarsa kira a gaban baƙi, ta tashi ta bar tsohuwa da ƙwaryar ruwa a hannu? Ya juya ya hango ta, ta karɓi ruwan da hannu biyu tana sha. Ko maganar waken ba a kai ga farawa ba. In ya kira za ta taso, ya sani, ba ta taɓa ƙin kiransa ba. Za ta taso hannu wofi, ta zauna kusa da shi har Ƙaura, ba kuwa za ta sake yin zancen ba har abada.

Aka busa usur. Sallau ya sa ƙafa ɗaya a matakalar taragonsu ya riƙe ƙarfe. Ƙaura saura kaɗan, an ce ko awa ba za a yi ba. Jirgi ya motsa, ya ja shi taku biyu, uku. Sai ya saki ƙarfen ya sauke ƙafarsa.

"Baba, kayanku!" Mai goro ce ta miƙo ƙunshin dambu da gorar fura ta taga, ya bi da gudu ya cafe. Ya tsaya rungume da su yana kallo. Daga nan ne ma ya ga jirgin gaba ɗayansa, tun daga kai har wutsiya, yana lanƙwasa a bayan gonakin auduga. Goma sha uku ne taragun, yanzu ya ƙirga daidai. Ya yi kyau har ya ba shi haushi, kuma ba zan ɓoye muku ba, idonsa ya kawo ruwa.

Da ya isa ƙofar gidan ya yi sallama, shi ma sai da aka yi masa tasa gaisuwar cif. Tsahara ta dubi dogo ta ga wayam, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. Sannan ta gaya wa tsohuwar daga inda suke da abin da ya sauko da ita. Tsohuwa ta ajiye kwanson da ke hannunta.

"Daga arewa kuke? Ikon Allah! Mu nan Baƙon Arewa muke ce masa. Uwar mijina ta ce wasu mutanenku ne suka sauka gidan nan a wata yunwa ta da, da za su koma matar ta bar mata shi. Ashe masu shi ne suka zo." Ta zaɓi manya-manyan ƙwayoyi ta cika ƙoƙo. Sallau ya sa hannu a aljihu, ta harare shi. "Mayar da hannunka, malam. A garinku sayar da iri ake yi?"

Suka wuni a nan. Aka kawo musu tuwo, maigidan ya zaga da Sallau gona. Da rana ta karkata suka dawo gindin mangwaro jiran jirgin komawa. Tsahara ta ƙulle waken a bakin mayafi, ƙulli uku, ta riƙe shi a cinya da hannu biyu. Sannan ta juyo wurinsa.

"Malam, na hana ka ganin ƙarshen dogo."

"Yana nan inda anka aje shi."

"Ba shi ke nan ba," in ji ta. "Irin Inna, ba ƙwari sunka cinye shi ba. Ni na dafa shi. Na fasa gorar da hannuna, na yi maka ƙarya, shekara biyu ina ɗauke da abin ga."

Sallau ya dubi ƙarfen da ya miƙe ya ɓace wajen Ƙaura, sannan ya dube ta.

"Na sani, Tsahara. Ai na ci. Loma ta farko na gane shi, na kuma ga ke ba ki sa hannu a akushin ba. Waken nan shi ya riƙe mu har anka kawo taimako. Kin ga na rasa bakin da zan yi miki godiya ba tare da na kunyata ki ba, shi ya sa na yi shiru."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Daga nesa jirgi ya yi kuka, mai tuta ya fito yana murmushi yana yi musu alama su matso. Wannan karon da suka shiga, Sallau ya zauna sosai a kan bencin, kafaɗarsa a jikin tata, ya ce ta kawo ƙullin ya riƙe mata ta huta. Ta ce a'a.