Wadda Za Ta Karɓe Ni

A aikin jinya akwai doka ɗaya da ko sabuwar nas ta sani: ba kya barin ɗakin marasa lafiya sai wadda za ta karɓe ki ta iso, kun zagaya gado-gado, kin damƙa mata su hannu da hannu. Ko gidanku ne ke ci da wuta, tsayawa za ki yi.

Da muna da yawa a ɗakin mata. Wannan ta yi ritaya, waccan ta bi miji, wata ta samu asibitin kuɗi, har aikin rana ya koma kanmu mu biyu, ni da safe, Mai Hannu da yamma. Gadaje kuwa maƙil, har da masu kwanciya kan katifa a baranda. Mai Hannu muke ce mata don jijiyar da ta gagari likita, ita sau ɗaya take soka allura ta samu. Ni na koya mata aiki, Yaya take kirana.

A bara Mai Hannu ta same ni da hawaye shaɓe-shaɓe, wai ƙodar mahaifiyarta ta lalace, kullum suna hanyar wankin ƙoda. "Yaya, ki riƙa riƙe min yamma idan zan kai ta." Na riƙe. Safe da yamma ina tsaye, ƙafafuna suka kumbura suntum, maigidana ya yi mita har ya gaji, yarana suka saba cin abinci ba ni. Ban taɓa cewa ta rama min ba. Uwa ai ba wasa ba ce.

Sai ga ranar da za a yi wa Babana tiyata a wani asibiti can ƙarshen gari. Tsohon nan ba abin da yake tsoro a duniya sai allurar barci. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ke kika san kan abin nan. Kada ki bari su kwantar da ni ba kya wurin." Na yi masa alkawari. An sa aikin bayan la'asar, na kuma faɗa wa Mai Hannu tun da wuri. Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba Yaya! Ko da rarrafe ne zan zo."

Azahar ta wuce, shiru. Na kira wayarta, a kashe. Na ruga wurin shugabarmu, ta watsa hannu ta ce, "Wa zan ba ki? Ni kaina ɗakin yara nake riƙe da shi." Ga tsohuwa a gadon ƙarshe, numfashinta sai da bututun iska. Ga mai ciwon suga tana ta gumi, ga ƙarin ruwan wata ya ƙare. Na sa takalmin fita, na cire, na sake sawa. Wallahi har bakin ƙofa na kai, tsohuwar ta sarƙe da tari, na dawo.

Ina gyara mata bututun sai ga wata dattijuwa ta hawo bene da sauri, ko haki ba ta yi, riƙe da leda.

"Ke ce Yayar tata ko? Ni ce mahaifiyar wadda kuke kira Mai Hannu. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ta ce in kawo miki farin kayanta da makullin kabad. Jirginsu ya tashi tun safe. Ta ce ba don kin riƙa riƙe mata aiki tana zuwa darasi ba, da ba ta ci jarabawar fita waje ba."

Na dube ta sama da ƙasa. Na ce, "Mama, ya jikin? Ya ƙodar?"

"Ƙodar wa?" Ta yi dariya. "Ni ko ciwon kai sai in shekara ban yi ba."

Wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne. "Yaya, an shiga da shi. Har ƙofar ɗakin tiyata yana ɗaga kai yana tambaya ko kin iso."

Ba tafiyarta ce ta ƙona min rai ba. Aikin nan ya ci mu, kowa na neman inda zai sha iska, da ta faɗa min da ni zan raka ta filin jirgi. Amma ta kwantar da uwarta a gadon ƙarya ta hau bayana shekara guda, sannan ta dubi idona ta ce ko da rarrafe, alhali tikiti na cikin jakarta. An ci amanata, kuma da hannuna na zuba wa mai cinta ruwan wanke hannu.

Dattijuwar ba ta lura da komai ba. Ta ja kujera ta zauna, ta naɗe hannun riga. "Tunda na zo, ɗan auna min jinina mana, 'yata."

Na ɗauko abin awo na ɗaura mata. Na matsa, na saurara, na duba.

"Lafiyarki ƙalau, Mama," na ce.

Daga gadon ƙarshe aka kira, "Nas!" Na cire takalmin fita na tafi.