Dama da Manaja

Tun ranar da aka shigo da sabuwar kwamfuta kamfanin robobi, Mai Sito bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Akantan kamfanin, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, shi ya tsegunta: sito ba ya bukatar mutum biyu yanzu, ƙarshen wata ɗayansu zai tafi gida. Ko Mai Sito, ko abokin aikinsa Dogo.

Tsoro ya kama Mai Sito, tsoro na gaske. Ga yara biyar, ga tsohuwarsa a ɗakin baya, ga furfura ta fara leƙo gemu. Wa zai ɗauke shi aiki kuma? Sai ya zauna ya yi nazari, ba a kan bokitai da kujerun da ke sito ba, a kan Manaja.

Shi Manaja mutum ne mai son addini, musamman a inda ake ganinsa. Carbinsa irin na zamanin nan ne da ake maƙalawa a yatsa, yana zagin leburori yana dannawa. Shi ya sa aka gyara ɗakin bayan gareji ya zama masallaci, har da kafet da fanka. Mai Sito kuwa, a da, sallarsa kamar kaza na tsattsagar hatsi, kafin ka juya ya idar.

To, daga ranar bawan Allah ya canza. Kafin a kira Azahar ya riga ya yi alwala, ya bar ruwa yana ɗiga a gemu. Ya gano cewa shiga sahun gaba kawai aikin 'yan koyo ne. Dabarar ita ce ka tsaya dama da Manaja, don in an yi sallama dama ake fara juyawa, fuskarka zai fara gani. Ranar da direban kamfanin ya riga shi wurin, sai da ya sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari sannan aka kabbara. In ya tayar da nafila kuwa, sai ya daɗe a sujada har wuyansa ya ƙage, yana leƙen ƙafar Manaja ta ƙarƙashin hammata, ba ya ɗagowa sai ya ga ta fita.

"Baban yara, wai lafiya?" in ji matarsa. "Asuba da ƙyar nake tashinka, amma na ji an ce a wurin aiki har ladanci kake nema."

"Ke, rufa mini baki. Manaja yana zuwa gidan nan da Asuba ne?"

Dogo ko a jikinsa. Sahun ƙarshe yake tsayawa, in ya zo ke nan, ga baki ba linzami. "Duk wanda ya taɓa ni, wallahi sai mun haɗu a kotu! In tara masa 'yan jarida, in ɗora shi a waya duniya ta gani!" Mai Sito yana ji, yana dariyar mugunta a ciki, ya ce ɗan banza da bakinsa zai kori kansa.

Ƙarshen wata aka kira Mai Sito ofis. Manaja da kansa ya miƙe, ya gaishe shi da hannu biyu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Mai Sito ya zauna a bakin kujera, ransa fari ƙal.

"Malam, na sha fama da wannan magana," in ji Manaja. "Ka san halin Dogo. In na sallame shi, tsiya zai shuka mana: kotu, ƙungiya, jarida. Ba shi da imanin ɗaukar ƙaddara. Amma kai! Ni da idona na gan ka. Mutum irinka ya san arziki ba a hannun kamfani yake ba."

Mai Sito ya ajiye lemon. "Yallaɓai, ai akwai ɗan kaɗan a hannun kamfanin ma."

Manaja ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka gani ko? Har raha kake yi. Wani da yanzu ya faɗi."

"Ranka ya daɗe, iyalina fa."

"Wanda ya ba ka su zai bar su ne? Haba Malam, ni zan koya maka?"

Mai Sito ya so ya yi ihu, ya buga tebur, ya ce shi ma ya san hanyar kotu. Amma da wane baki? Gemun nan da goshin nan sun riga sun ɗaure shi. Ya ciro makullan sito, ya ajiye.

"Kafin ka fita, sa mana albarka," in ji Manaja. "Kamfani yana cikin wani hali, addu'ar irinku kuwa ba ta faɗuwa ƙasa."

Mai Sito ya ɗaga hannu. Hawaye suka zubo masa, na gaske. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa roƙon Allah da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Ƙasa-ƙasa yake yi, yana ambaton Manaja, da kwamfutar, da injinan roba, yana kai ƙararsu ɗaya bayan ɗaya.

Manaja ya runtse ido, ya buɗe tafukansa. "Amin," yake cewa. "Amin, Malam. Allah ya karɓa da gaggawa."