Wurin da ke Bayan Liman

A shekarar da Mubi ta faɗi a hannun 'yan ta'adda, zawiyar Modibbo Bobboyi da ke unguwar Adarawo ta cika da baƙi, tsoro kuwa ya fi baƙin yawa. Mutum ya yi tari a sahu, sai ka ga kowa ya waiwayo. Har tsofaffin da suka gina masallacin da hannunsu sai an lalube su a ƙofa.

Wanda ya fi tsone wa jama'a ido shi ne Deribe, ɗan gudun hijira daga Borno, mai tallan huluna a kasuwar Jimeta. Kullum sahun ƙarshe yake tsayawa, jikin ƙofa, ana sallamewa ya zari takalmansa. Bakari, na'ibin Modibbo, wanda ko da inuwarsa bai yarda ba, tuni ya yanke hukunci a ransa.

Ranar nan ana shirin La'asar Bakari ya durƙusa gaban Modibbo. "Allah gafarta, Modibbo, mutumin nan masallaci yake aunawa don kai hari. 'Yan banga suna waje, da ya fita mu miƙa shi."

Wanda aka miƙa a kwanakin nan, ba lallai a sake ganinsa ba. Modibbo ya san haka.

Ya ɗaga murya: "Deribe, zo nan." Ya nuna masa daidai bayansa, wurin Bakari, inda ake tsayar da wanda zai karɓi salla in alwalar liman ta karye.

Deribe ya taho. "Sayinna, ni kusa da ƙofa nake iya salla. Ranar da aka tashi bam a masallacin garinmu, na gaba ba su fita ba."

"Na ji. Tsaya nan."

Nan take sahun gaba ya fara zubewa. Manyan muridai masu rantsuwar za su mutu a kan Modibbo, sai ga shi kowa ya tuna yana da sabunta alwala. Abin kunya dai!

Bakari ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Ka tabbata da shi?"

"Ban tabbata ba," in ji Modibbo. "In kai ne da gaskiya, ni zai fara samu. In kuwa ba kai ba ne, ina son in ga wanda zai ja mutum daga bayana."

Ya juya wa Deribe baya, ya fuskanci alƙibla. Ya ɗaga hannuwansa, ya yi kabbara.