Kalmar Sirrin Woru

Sau huɗu ke nan Dossu yana buga kalmar, akwatin yana ƙin buɗewa. Yana tsaye a kan kujera, kwamfutarsa a kan firij, wata shuɗiyar igiya ta haɗa ta da baƙin akwatin da ke manne a bango, sama da teburin karɓar baƙi. Bake tana ƙasa, ta ɗaga masa takardar da hannu biyu.

"Mama, na gani. Na ma haddace. Wagasi. Haruffa shida ne."

"To sake bugawa. Wataƙila yatsanka ne ya zame."

"Yatsa ba ya zamewa sau huɗu."

Duk da haka ya sake. Jan rubutu ya fito a fuskar kwamfutar. Bake ba ta iya karatun Faransanci ba, amma ta san ja ba alheri ba ne.

Masaukinta ɗaki shida ne, a bayan tashar mota ta garin Faraku. Ɗanta Woru ne ya sa mata intanet shekara uku da suka wuce. Shi ya sayo akwatin, ya ce mai gadi ne: hanya ɗaya ta gida, hanya ɗaya ta baƙi, kuma baƙo ba zai shiga ba sai wani shafi ya fito a wayarsa ya buga kalmar da aka ba shi. A saman shafin nan Woru ya sa hotonsu su biyu, ranar da aka gama fentin ƙofa. Ya dafa kafaɗarta, ita kuma tana dariya baki buɗe. A lokacin ta yi ta faɗa ya cire, wai ya sa ta a gaban duniya da giɓinta. Ya ƙi.

Wata bakwai da suka wuce motar auduga ta buge babur ɗinsa a hanyar Jugu, Allah ya yi masa rasuwa. Kafin 'yan uwa su isa wurin, jakarsa ta yi ƙafa, da waya da kwamfuta a ciki. Hotunansa na makaranta suna nan, da na katin zaɓe. Amma wanda suke tare, shi babba ita tsohuwa, wannan kaɗai ne. Tun daga lokacin ta sa aka mayar da wayarta kan hanyar baƙi, domin kowace safiya shafin yakan sake fitowa. Takan zauna a bakin gado ta dube shi kafin ta ɗora ruwa.

Ranar Lahadi aka yi ruwa da tsawa, wuta ta yi ta zuwa tana komawa. Da gari ya waye shafin bai fito ba. Waya takan kama, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, daga nan sai fari fat. Yau Laraba.

Dossu ya sauko daga kujera yana share gumi. Mutumin kudu ne, shagonsa na gyaran kwamfuta yana kusa da kasuwa, kuma ya san Woru sama-sama.

"Bari in faɗa miki yadda take. Intanet yana zuwa har cikin akwatin nan, na auna. Fitilu duk kore ne. Mai buɗe wa baƙi ƙofa ne ya suma tun da wuta ta girgiza shi. Na kashe na kunna, na canza igiya, bai farfaɗo ba. In na shiga ciki, aikin minti biyar ne. Amma shiga sai da kalmar mai gida."

"Ga ta nan. Da hannunsa ya rubuta mini. Ya ce, Mama, adana, ko ba na nan."

"Wataƙila ya canza daga baya."

"Da ya faɗa mini."

"Mama, mu 'yan gyara har matanmu ba ma faɗa wa."

Ba ta yi dariya ba. Ya sosa ƙeya, ya koma kan kujera. Ya gwada da babban harafi a farko. Ya gwada duka manya. Ya tambaye ta shekarar haihuwar Woru ya ƙara a ƙarshe, sannan sunanta, sannan lambar babur ɗin. Ya tambayi dalilin wagasi.

"Sunan da nake kiransa ne yana jariri. Laushi gare shi kamar wagasi, cukun Fulani. Har ya yi gemu in na ce Wagasi sai ya waiwayo."

Bayan gwaji na goma akwatin ya kulle kansa na minti goma sha biyar.

A nan Alhaji Ajibade ya fito daga ɗaki na biyu, da tawul a wuya da kwamfuta a hammata. Mai sayen kashu ne, wato yazawa, daga Shaki. Kowace shekara in kakar kashu ta yi, shi da mutanensa ke kama ɗakunan duka shida har wata uku, kuma da abin da suka bari gidan ke ci har shekara ta zagayo, da Bake da 'ya'yan Woru biyu da ke makaranta.

"Injiniya! Har yanzu ana kan tiyata? Ko mara lafiyar ya cika?"

"Yana numfashi, Alhaji."

"Numfashi ba ya aika farashi Legas." Ya juyo wurin Bake, ya sassauta murya. "Maman Woru, kin san ni ba mai raki ba ne. Kwana uku ina tsayuwa a bakin titi ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Jiya mota biyu ta kashu ta kuɓuce mini. Yarana sun riga sun je sun ga ɗakuna a sabon otal na hanyar Kandi. Na ce su dakata zuwa azahar, saboda ke. Bayan azahar ba ni da bakin hana su."

"Na gode, Alhaji."

"Kada ki gode, ki gyara." Ya zauna a benci ya buɗe kwamfutarsa, kamar mai jiran mota.

Dossu ya ja ta gefe, wurin randa.

"Akwai wata hanya. A bayan akwatin akwai ɗan rami. In aka sa tsinke aka danna, zai manta komai, ya koma kamar ranar da aka sayo shi. Sai in sake shirya shi. Kafin azahar an gama."

"Komai?"

"Komai."

"Har hoton?"

Ya dube ta. Sai a lokacin ya gane abin da ya hana ta zama tun safe.

"Ba ki da shi a wani wuri? Ba ki taɓa ɗaukar hoton fuskar wayar ba?"

"Ana yi ne?"

"Maɓalli biyu ne kawai ake dannawa tare."

"Ba wanda ya faɗa mini."

Ya karɓi wayarta ya bincika ko ta ajiye wani saura. Babu. Ya bi ɗakunan ya tambayi masu kashu. Ɗaya ya ce wa zai ajiye hoton shafin otal? Bake ta tambaya ko ba za a sayi sabon akwati a bar wannan yadda yake ba. Ya ce irinsa sai Kwatano, sai an yi oda, mako biyu in an yi sa'a, kuma ya faɗi kuɗin. Ba ta sake tambaya ba.

"Amma yana ciki yanzu?" ta ce. "Hoton?"

"Yana ciki."

Ta ja kujera ta zauna a ƙarƙashin akwatin. Ƙananan fitilun suna ta ƙyaftawa. Daga tasha ana jin 'yan kamasho suna kiran Malanbil, Malanbil, saura mutum ɗaya. Da minti goma sha biyar suka cika Dossu ya sake gwada wasu kalmomi goma, akwatin ya sake kullewa. Rana ta hau. Wani daga cikin masu kashu ya fito da jakarsa ya ajiye a bakin ƙofa.

Bake ta kwance ɗankwalinta, ta zare allurar da take maƙale shi da ita.

"Wannan za ta shiga ramin?"

"Za ta shiga. Kawo."

"Ni zan yi."

Ya riƙe mata kujera ta hau. Ya kama yatsanta ya kai wurin. Ya ce ta danna ta riƙe har sai fitilu sun mutu. Ta danna. Ta riƙe. Fitilun suka mutu gaba ɗaya, sannan ɗaya ta dawo, ja, daga baya ta zama kore.

Ta sauko ta shiga kicin. Ta fere doyar da ba lokacin fere ta ba ne.

Bai kai awa ɗaya ba Dossu ya leƙo.

"Mama, an gama. Wace kalma zan sa wa baƙi?"

"Sa waccan."

"Wagasi?"

"Tunda ba ta buɗe komai ba, bari ta buɗe wannan."

Ta biyo shi tana goge hannu. Alhaji Ajibade ya riga ya miƙo kwamfutarsa.

"Gwada a kan tawa, Injiniya. In ta yi, yau kai ne surukina."

Shafin ya fito nan take, fari, da ɗan gurbi a tsakiya. Dossu ya ɗora yatsu ya buga ba tare da ya dubi hannunsa ba, irin na wanda ya saba. Shafin ya ƙi. Alhaji ya leƙa ya fashe da dariya.

"Dubi abin da ya rubuta! Z, Q, G, Q... wannan sunan aljani ne? Ku 'yan Faransa kullum haka kuke yi wa kwamfutata. Tamu ta Ingilishi ce, malam. Inda kuke da A, mu Q ne. Inda kuke da W, mu Z ne. Dubi hannunka in za ka buga!"

Dossu bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon haruffan nan shida. Sannan ya goge su, ya buga daidai da yatsa ɗaya. Intanet ya kawo. Alhaji ya buga cinya, ya ƙwala wa mutanensa kira su mayar da jaka ɗaki, ya wuce yana magana da Yarabanci a waya.

"Mama," in ji Dossu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kwamfutar Woru, a ina ya saye ta?"

"Alhaji ne ya kawo masa daga Najeriya. Rana ɗaya suka zo da akwatin nan. Ranar ko abinci bai ci ba, yana ta haɗa su."

Dossu ya zauna a kan benci. Ya rufe fuska da tafin hannu.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Ɗan nan, na binne miji na binne ɗa. Faɗa mini."

Ya faɗa mata. Kalmar sirri in ana buga ta ɗigo-ɗigo take fitowa, mutum ba ya ganin abin da ya rubuta. Woru a makarantar Faransanci ya koyi bugu, ya zauna gaban sabuwar kwamfuta ta Ingilishi, yatsunsa suka tafi inda suka saba. A ransa wagasi ya buga, wagasi ya rubuta mata a takarda. Akwatin kuwa wani abu dabam ya ji.

Bake ta daɗe tana juya maganar.

"Wato bai canza ba."

"Bai canza ba."

"Da a kan ta Alhaji ka buga da safe..."

"Da ta buɗe."

"Tana nan kan bencin nan tun hantsi."

"Tana nan."

"Yanzu fa? In ka buga irin yadda ya ji?"

Ya girgiza kai. "Ba abin da ya rage a ciki, Mama. Ki yafe mini. Shekara goma ina aikin nan, ya kamata in tuna."

"Ni na danna," ta ce.

Daga ɗaki na huɗu wani ya yi kira yana tambaya ko akwai sakwara yau. Ta amsa da akwai. Dossu ya naɗe shuɗiyar igiyarsa a hankali, ya sa a jaka. Ya ce shafin ba kyau a bar shi fari haka, in tana so zai ɗauke ta hoto a bakin ƙofa ya ɗora, ko hoton ƙofar kaɗai.

"Bar shi."

Ta ciro wayarta daga haɓar zane ta miƙa masa.

"Mayar da ni kan hanyar gida. Wadda ba ta nuna komai da safe."

Ya mayar. Ta karɓa, ta koma wurin doyarta.