Sun Zo, Yaya

Shekara shida ke nan Mai Aski shi ne idon yayansa a filin ƙwallo. Tun da ciwon suga ya cinye wa Yaya gani, duk ranar da ƙungiyarsu ke wasa a gida sai Mai Aski ya rufe shago da ƙarfe biyu, ya je ya ɗauko shi. Yaya zai dafa kafaɗarsa ta dama tun daga ƙofar gida har layi na tara, kujera ta goma sha ɗaya da ta goma sha biyu. Nan Mai Aski zai kanga baki a kunnensa yana ba shi wasa: wane ya karɓa, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya zubar. Sharaɗi ɗaya Yaya ya kafa masa tun ranar farko.

"Auta, abin da ka gani shi za ka faɗa min. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Ranar da ka fara tausaya min, ka makantar da ni sau biyu."

Mai Aski ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma a bakin Yaya har gobe Auta ne. Bai kuma taɓa saɓa sharaɗin ba, ko ranar da aka zura musu shida a gida ya ƙirga wa Yaya su ɗaya bayan ɗaya.

Abin faɗin ne dai ya yi ta lalacewa tun da Mai Tayil ya sayi ƙungiyar. Da sayar da tayil ya yi arziki, shi ya sa sunan ya bi shi. Ranar da ya zo ya rungumi rigar ƙungiya a gaban 'yan jarida har da ƙwalla, ya ce tun yana yaro yake son ƙungiyar nan. Wai so! Cikin shekara huɗu ya kori koci bakwai. Duk ɗan wasan da ya fara haske, kafin mutane su gama haddace lambar rigarsa an sayar da shi. Ya ɗauko ƙanin matarsa ya naɗa manaja, mutumin da aka taɓa ji yana tambayar dalilin da ya sa mai tsaron gida yake sa riga daban da ta sauran. Ga shi yanzu saura wasa ɗaya a rufe kaka, kuma in ba su ci ba sun faɗa rukunin ƙasa.

A shagon Mai Aski ake yanke wa Mai Tayil hukunci kullum, tun daga safe har a share gashi. Ranar Talatar nan Direba ne a kan kujera, an yi masa rabin kai, yana magana yana kaɗa wuya.

"Tsaya min cak, ko in tafi da kunnenka," in ji Mai Aski.

"Ka tafi da shi, me ya rage in ji da shi? Mutumin nan wallahi kanti ya ɗauke mu. Ya jera 'yan wasa a kanta, mai saye ya zo ya nuna."

Tela, da ke jiran layi a kan benci, ya ce, "Ku dai ku riƙa faɗin gaskiya. Da bai saya ba, da tuni ƙungiyar ta mutu. Wa ya gyara fitilun filin?"

"Ya gyara fitilu don mu ga yadda ake cin mu da kyau!"

Shago ya ɗauki dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Mai Aski ya kashe injin aski. Ransa ya daɗe a ɓace, kuma ya gaji da zagin da ke ƙarewa a cikin madubi. Ya ce sun yi ihu, sun rubuta takarda, sun ɗaga kwalaye, mutumin ko a jikinsa. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi in ya zauna da manyan abokansa: filinsa cike yake ko ana ci ko ba a ci. To ranar Asabar a bar masa filin. Kowa ya zo bakin babbar ƙofa ya tsaya, kada ko mutum ɗaya ya shiga. A nuna wasan a talabijin, duniya ta ga kujeru.

Kafin Alhamis maganar ta game gari, kuma kowa ya san daga bakin wa ta fito.

Ranar Juma'a da hantsi matar Yaya ta tare shi a tsakar gida, tana sassauta murya. Likita ya ce ƙoda ta taɓu, ranar Litinin za a ba Yaya gado, kuma bai faɗi ranar sallama ba. Mai Aski ya shiga ɗaki ya tarar da Yaya zaune a bakin katifa, ƙafafu sun kumbura, tsohuwar rigar ƙungiya a ninke a kan cinyarsa.

"Gobe ƙarfe biyu, Auta."

"Yaya, ai ka ji abin da aka shirya."

"Na ji abin da ka shirya. Kai da Mai Tayil ku je can ku ƙarata. Ni yaran nan goma sha ɗaya nake ji, da za su fito su ga ba kowa. Shekara talatin ina jan waƙa a filin nan, na san mutanena. Za su tsaya a ƙofa su yi ta cika baki, da sun ji an kusa busa usur ƙafarsu da kanta za ta kawo su." Ya shafa rigar. "Ka kai ni. Ban san ko akwai wata kakar a gabana ba."

Me mutum zai ce? Mai Aski ya ce to.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Bakin babbar ƙofa ya cika maƙil, dubban mutane tsaye da rigunansu, ba ganga ba waƙa. Sai ga wanda ya haɗa taron yana ratsa su, da makaho dafe da kafaɗarsa da tikiti biyu a hannu. Aka dare musu hanya saboda girman Yaya, amma idanun da suka bi Mai Aski sun ishe shi zafi.

Direba ya sha gabansa. "Haba Mai Aski! Kai?"

"Ka ga dai dalili."

"Na gani. Amma gobe hotonka Mai Tayil zai nuna."

Yaya ya juya fuska wajen muryar yana murmushi. "Direba ne? Ka daina wahalar da kanka. Sai kun shigo, mu je mu kama muku wuri."

Suka wuce.

Ciki wayam. Mai Aski bai taɓa ganin filin haka ba, har ya ga tsagewar siminti a wuraren da ƙafafu suka saba rufewa. In an ƙirga 'yan sanda da masu sayar da ruwa, da ƙyar a kai mutum ɗari biyu. Gefen da kyamara ke fuskanta an lulluɓe kujerunsa da manyan tamfol masu tallar tayil. Can sama a rumfar manya, bayan gilashi, Mai Tayil na zaune da ƙanin matarsa yana latsa waya. Mai Aski ya lura da wasu baƙaƙen akwatuna da aka jera a ƙarƙashin layuka, zagaye da filin, wayoyi na bin su. Bai kawo komai a ransa ba.

Suka zauna a layi na tara. Yaya ya karkata kai yana saurare. "Da saura," ya ce. "Kullum sai a ƙurarren lokaci suke zuwa."

Saura minti biyar a fara, sai wani gunaguni ya taso, irin na taron da ke neman wurin zama. A hankali ya yi ta kumbura. Sai ganga, sai tafi, sai waƙa daga kowace kusurwa. Mai Aski ya waiga hagu da dama, kujeru na nan yadda suke, ba kowa. Daga baƙaƙen akwatunan nan ne. Mai Tayil ya rasa jama'a, sai ya kunna su a lasifika. Kai, rashin kunya dai ba ta da iyaka! Mai Aski ya buɗe baki zai yi zagi.

Sai Yaya ya damƙe masa hannu. Fuskar nan da ciwo ya kumbura ta washe gaba ɗaya.

"Auta! Ban gaya maka ba? Ban gaya maka ba? Sun zo ko?"

Mai Aski ya dubi tamfol, ya dubi ƙafafun Yaya, ya tuna Litinin. Minti casa'in ne kawai. Wa zai sani?

"Sun zo, Yaya."

"An cika?"

"An cika."

Yaya ya miƙa hannu gefensa ya taɓa kujerar da ba kowa. "To ina na layinmu?"

"An tura su wancan gefen, saboda kyamara."

Kowace ƙarya ta fi ta bayanta saurin fita, abin da ya ba shi tsoro ke nan. Aka busa usur. Ya kanga baki a kunnen Yaya kamar kullum, yana ba shi wasa daidai, ba ƙari ba ragi: yaran suna gudu amma ba su san inda za su ba, sabon kocin na tsaye hannu a aljihu. Yaya na bin waƙar da tsohuwar muryarsa, yana buga cinya. Rabon da Mai Aski ya gan shi haka har ya manta.

Ana minti na ashirin da wani abu, ƙaho ya yi kuka a cikin hayaniyar. Gajere uku, dogo ɗaya, dogon ya karye a ƙarshe, sai tari ya biyo.

Hannun Yaya ya tsaya a kan cinyarsa.

Duk wanda ya taɓa shiga filin nan ya san busar Mai Ƙaho, aminin Yaya, wanda suka yi shekara talatin kafaɗa da kafaɗa. Ba mai karya dogon nan sai shi, don ƙirjinsa bai taɓa kai shi ƙarshe ba. Shekara uku ke nan da binne shi, kuma Mai Aski ne ya riƙe hannun Yaya har bakin kabari.

Kafin ya samo abin cewa, wata murya ta keto ta saman ganga, garau, mai ƙarfi, ta mutum mai cikakkiyar lafiya: "Ku taso! Ku taso, gida namu ne!" Dubban muryoyi suka amsa mata. Muryar Yaya ce, ta shekarar da suka ɗauki kofi.

Yaya bai motsa ba. Daidai lokacin baƙi suka yanko ta gefe suka zura ƙwallo a raga. Mai tsaron gida ya durƙusa ya rufe fuska, filin kuma ya ci gaba da shewa da murna, don mai kunna abin ko kallon wasan ba ya yi.

"Me ya faru?" in ji Yaya, murya ƙasa ƙasa.

"An ci mu. Ɗaya."

"Mutum nawa ne a filin nan?"

"Ba su kai ɗari biyu ba."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali. Can sama muryarsa ta sake zagayowa tana cewa a taso.

"Mai Tayil ya sayar da yara, na yi shiru. Ashe har da ni da mamaci ya haɗa ya saya, yana kunna mu in ya ga dama." Ya yi dogon numfashi. "Shi ban taɓa ba shi amana ba, ba ruwana da shi. Kai fa, Auta? Shekara shida ban taɓa juyawa na tambayi na kusa da ni ko gaskiya ka faɗa ba. Ko sau ɗaya."

"Yaya, na ga kana murna ne..."

"Ka ga ina murna. Ni ban ga komai ba." Ya miƙe da ƙyar. "Fitar da ni. Kai ni inda masu rai suke."

Suka sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, Mai Ƙaho na busa a bayansu. Hannun Yaya na kan kafaɗarsa, amma da 'yan yatsu kawai, kamar mai taɓa ƙarfen da ya sha rana.

A waje mutane sun yi gungu gungu a kan rediyo da wayoyi. Su ma suna jin shewar ta saman katanga, wasu na tsaki, wasu na dariyar takaici. Wani dattijo na zaune a gefen titi yana share ido, shi ma ya gane ƙahon. Da suka ga su Mai Aski sun fito, ba wanda ya yi masa gori, kuma da gorin aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Yaya ya tsaya ya karkata kai. "Direba yana nan?"

"Ga ni, Yaya."

"Akwai hoton wasan a wayarka?"

"Akwai."

Yaya ya ɗauke hannunsa daga kafaɗar Mai Aski, ya lalubi iska har ya samu ta Direba, ya dafa.

"Faɗa min abin da kake gani," ya ce. "Yadda yake."

Direba ya dubi Mai Aski, ya sunkuyar da kai, sannan ya kanga baki a kunnen Yaya ya fara. Bai iya ba, yana haɗa sunayen 'yan wasa, yana tsayawa zagin Mai Tayil a tsakiyar hari. Mai Aski na tsaye taku biyu daga gare su, ya san sunan kowane yaro da lambarsa, bakinsa na motsi shi kaɗai. Ba a tambaye shi ba har aka tashi, an ci su biyu da nema.